Haske igiya ne, kuma ƙwaya ne: yadda za a gwada shi a aji da kayan kasuwar Maradi

Duk wanda ya taso yana sauraron rediyo ya san "gajeren zango, mita 31". Wannan mita 31 tsawon igiya ɗaya ne, daga tudunta zuwa tudu na gaba. Haske ɗan gidansu ne. Gudunsu ɗaya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai dai zangon haske gajere ne ƙwarai. Jan hasken ƴar leza zangonsa nanomita 650 ne, wato sai an jera fiye da 1,500 kafin a cika milimita ɗaya. Amma wannan hasken da ke tafiya irin ta igiya, idan ya zo sauka a kan abu ba ya kwarara kamar ruwa. Ƙwaya-ƙwaya yake sauka, kowace da ma'auninta na kuzari, ba a raba ta biyu. Ita ake kira foton.

Sau da yawa babin nan a kan allo yake farawa, a kan allo yake ƙarewa, ɗalibi ya haddace "igiya da ƙwaya" bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Babu dalilin haka. Malamin lise a Maradi zai iya nuna fuskokin biyu, har ya auna su da lambobi, da kayan da ba su cika ƴar jaka ba.

Kayan aiki da kiyaye ido

A nemi ƴar leza ja irin ta maƙalin makulli, da ƴar tocilar da ake duba takardun kuɗi da ita, mai haske shuɗi-shuɗi da zangonsa ke wajen nanomita 395 zuwa 405. Sai sababbin reza guda uku, kyandir, gutsuren gilashin taga, kwali, salatif, maƙalin shanya biyu, rula, awon tela, tsohon faifan CD, da carbi mai haske a duhu. Wajen masu gyaran rediyo da waya za a samo multimita, wato na'urar auna lantarki, batir mai volt 9, rezista mai om 1,000, abin murɗawa mai om 10,000 irin na ƙara murya, ƙwayayen LED ja da rawaya da kore da shuɗi, da mataccen allon LCD na tsohuwar waya ko kalkuleta. Ƙwayayen LED su zama masu jiki garau kamar ruwa, ba masu rinannen jiki ba. Dalilin zai zo a gaba.

Maganar ido ba ta wasa ba ce. A zaɓi lezar da aka rubuta 1 mW a jikinta, wato ƙarfinta miliwat ɗaya, ko ƙasa da haka. Kore mai arha a bar ta a kasuwa in da hali: da yawansu sun fi ƙarfin abin da aka rubuta, kuma wasu suna yoyon hasken da ido ba ya gani, na nanomita 808 da 1064, wanda ba ya sa mutum ƙyafta ido balle ya kau da kai. A ɗora leza a kan tebur, ƙasa da idon wanda ke zaune, ta fuskanci bango, ɗalibai duka suna bayanta. A cire agogo da zobe kafin a sa hannu a hanyar hasken. Malam kaɗai ke kunnawa.

Ɗaki kuma ya yi duhu sosai. A toshe tagogi da kwali ko bargo, a rufe ƙasan ƙofa da tabarma, a jira minti biyar idanu su saba. Wutar lantarki ba ta cikin lissafi, komai da batir yake. Lokacin hunturu ƙurar da ke yawo a ɗaki takan fito da layin hasken fili, abin da yara ke so. Lokacin bazara kuwa a yi gwajin da sassafe, don rufaffen ɗakin kwano da rana tsaka ba ya zaunuwa.

Gwaji na farko: auna kaurin gashi

A yanke taga mai faɗin santimita 2 a jikin kwali. A miƙe silin gashi ɗaya a tsaye ya raba tagar biyu, a manne sama da ƙasa da salatif, a ja shi ya miƙe sarai. A kafa kwalin da maƙalin shanya. Ɗaya maƙalin a danne maɓallin leza da shi, don hannun mutum rawa yake yi. A kwantar da lezar bisa littattafai, tazarar kamar santimita 10 daga gashin, a daidaita har gashin ya faɗa tsakiyar hasken. Bango ya kasance mita 3 daga gashin, a auna da awon tela, kada a kintata. A manna farar takarda a wurin.

Da haske tsakuwoyi ne masu tafiya a miƙe, da siririyar inuwa za a gani. Abin da ke fitowa dabam ne: ɗigo mai ƙarfi a tsakiya, sannan layi a kwance hagu da dama, a gutsure, haske, duhu, haske, duhu, yana dusashewa. Igiyar da ta bi ta gefen dama na gashin da wadda ta bi ta hagu sun lanƙwasa sun haɗu a bango. Inda tudu ya gamu da tudu haske ya ƙaru. Inda tudu ya faɗa kwarin ɗan'uwansa sai su shafe juna. Haske a kan haske ya ba da duhu. Wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu lokaci guda a tabki bayan ruwan sama ya ga irin wannan, inda da'irorin suka sarƙe akwai layukan da ruwa ke kwance lumui.

Yanzu awo. Da fensir a yi alama a tsakiyar kowane gurbin duhu, uku a hagu, uku a dama. A kashe leza, a auna daga duhu na uku na hagu zuwa na uku na dama, a raba da 6. Shida ne, ba biyar ba, saboda tazarar tsakiya ninki biyu ce ta sauran. Nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Kaurin gashi shi ne tsawon zango sau nisan bango, a raba da wannan tazara. A mayar da komai milimita: zango 0.00065, nisa 3,000. Idan awo ya ba da santimita 16.8, tazara ta zama milimita 28. To 0.00065 sau 3,000 ya ba da 1.95, a raba da 28, an sami milimita 0.07. An auna abin da rula ba ta iya gani, da rula.

Abin da ya fi kama hankali shi ne a canza gashin. A sa silin wayar tagulla da aka zaro daga igiyar lantarki, mai kauri kamar milimita 0.2: ratsin zai matse ya koma kusan santimita 1. A sa gashin wutsiyar doki, a sa na jar akuyar Maradi, a sa na jariri. Abu ya ƙara siranta, ratsi ya ƙara buɗewa. A tambayi ɗalibai tun kafin a kunna, yawancinsu akasin haka za su ce, kuma wannan kuskuren ya fi kowane bayani koyarwa.

Idan ɗalibai biyu suka auna gashi ɗaya suka sami amsa dabam, ba lallai ne wani ya yi kuskure ba. Murɗaɗɗen gashi irin namu ba mulmulalle ba ne, ya ɗan baje, don haka faɗin da haske ke gani ya danganta da gefen da aka juyo. Idan layin ya karkace, gashin ne bai tsaya daidai ba, domin layin kullum yana gicciye da gashi. Idan kuma ɗigon tsakiya ya dallare ido har ratsin ya ɓace, a huda takardar a daidai wurinsa, a sa baƙin ƙyalle a baya ya shanye shi.

Gwaji na biyu: tsaga biyu

Wannan shi ne gwajin da ya yi suna. Thomas Young, likita ɗan Ingila, ya gabatar da hujjarsa a birnin Landan a 1803, da hasken rana da siririn kati, a lokacin da ra'ayin Isaac Newton na cewa haske ƙwayoyi ne ya shekara kusan ɗari yana mulki. Christiaan Huygens na Holan ya riga ya ce igiya ne tun 1690, ba a bi shi ba.

A wanke gilashi, a shanya ya bushe. A riƙa wucewa da shi a saman harshen kyandir, ana kai da komo, har baƙin hayaƙi ya rufe shi, in an ɗaga shi sama ba a hango rana ta ciki. Kada a tsayar da shi wuri ɗaya, zai tsage. A bar shi ya huce. A haɗa reza biyu, a sa gutsuren takardar littafi ɗaya a tsakaninsu, bakinsu ya yi daidai, a ɗaure da salatif. Kaurin reza kusan milimita 0.1 ne, na takarda ma haka, don haka tsakanin bakunan biyu zai kai wajen milimita 0.2. A dafa rula, a ja layi sau ɗaya tak, da sauƙin hannu, da kusurwar rezar. A yi irin wannan ja biyar ko shida a wurare dabam-dabam, don ba duka za su yi kyau ba. A gefe kuma a ja layi guda da reza ɗaya.

A haska tsaga ɗayar tukuna. Za a ga haske ya bazu a bango, faffaɗa, babu yanka a tsakiyarsa. A yi wa faɗinsa alama. Sai a gusa gilashin zuwa tsaga biyu. Wurin nan dai zai yanyanke ya zama ratsi-ratsi masu tazara ɗaya, kusan santimita 1 a nisan mita 3. A sa ɗalibi ya ɗora fensir a kan ratsin duhu guda, ya riƙe, a mayar da tsaga ɗaya: bakin fensirin zai haskaka. Ƙofa ɗaya a buɗe, haske na isa wurin. An buɗe ta biyu, ya daina isa. Duk wanda ya ce haske tsakuwa ce zalla, a nan zai tsaya.

In ratsi bai fito ba, abu uku ake dubawa. Ko tsagogin sun yi nisa da juna, ratsin ya matse har ido ba ya rabewa. A cire takardar tsakiya, ko a ƙara nisan bango zuwa mita 5. Ko an danna hannu baƙin tsakiya ya ɓare, tsaga biyu suka zama ɗaya. Madubin mai gyaran waya zai nuna. Ko hayaƙin bai yi kauri ba, haske na ratsa ko'ina. Tocila ba ta yin wannan aiki, domin launuka ne a gauraye daga faffaɗan tushe, ratsin kowane ya hau na wani su cike gurbin juna.

Faifan CD hanya ce ta tabbatar da zangon lezar kanta, kuma minti goma ya isa. Layukan jikinsa nanomita 1,600 ne tsakaninsu. A huda kwali, a harba leza ta hudar ta sami faifan a nisan santimita 30, kusa da bakinsa, a juya shi har ɗigon da ya dawo ya koma cikin hudar. Wasu ɗigo biyu za su bayyana a kwalin, kowane kamar santimita 13.4 daga huda. A raba 13.4 da tsawon layin da ya tashi daga faifan zuwa ɗigon, wato 32.9, a ninka da 1,600: kusan 650. Faifan madubi ne, yana watsa haske ta fuskoki da dama, don haka kowa ya tsaya a baya kafin a kunna.

Gwaji na uku: carbi mai haske a duhu

Zuwa nan ɗalibai sun gamsu haske igiya ne, kamar yadda masana suka gamsu bayan James Clerk Maxwell ya nuna a 1865 cewa igiyar lantarki da maganaɗisu ce. Yanzu za a rikita musu lissafi.

A saka carbin a cikin gwangwani mai murfi tun daren jiya, ya zubar da duk hasken da ya sha. A buɗe shi a ɗaki mai duhu. A haska ƙwaya ɗaya da jar leza, minti ɗaya cur, a kashe. Babu komai. A ƙara minti biyar, babu komai. Sai a ɗauko tocilar duba kuɗi, a tsaya nesa har haskenta ya yi rauni a kan carbin, a kunna daƙiƙa biyu, a kashe. Carbi zai kama da koren haske.

A tsaya a nan a yi tunani tare da su. In haske igiya ce kawai mai zuba kuzari a hankali, to ja mai ƙarfi da aka daɗe ana haskawa ya kamata ya tara abin da ya fi na shuɗi mai rauni. Bai tara ba. Bayanin da Albert Einstein ya kawo a 1905, bisa lissafin Max Planck na 1900, shi ne kuzarin haske a ƙunshe yake, kuma girman ƙunshin ya danganta da launi kaɗai. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba 1,240 da tsawon zango a nanomita, a sami kuzarin foton ɗaya a ma'aunin eV, wato elektron-volt, ma'aunin kuzarin ƙananan ƙwayoyi. Ja mai 650 yana da 1.9. Kore mai 532 yana da 2.3. Na tocilar kuɗi mai 405 yana da kusan 3.1. Garin da ke cikin carbin koren haske yake fitarwa, na wajen nanomita 520, don haka ɗaga elektron ɗinsa, wato ƴar ƙwayar lantarkin da ke cikin kowane abu, na buƙatar fiye da 2.4 a bugu ɗaya. Elektron ba ya tara canji. Foton ɗaya yake karɓa a lokaci guda, in bai kai ba ya wuce. Kamar katanga ce mai tsayin kamu shida: yara dubu da kowanne ke tsallen kamu huɗu, babu wanda zai haye, ba a haɗa tsallen wani da na wani. Ƙara ƙarfin leza ƙara yawan yaran ne kawai.

Abu ɗaya kan ruɗa malami. Idan carbin na cikin haske aka ɗora masa jar leza, a wasu irinsa wurin yakan ɗan ƙara haske sannan ya yi duhu fiye da kewayensa. Ba cika shi jan ya yi ba, zazzage shi ya yi: kuzarinsa ya isa ya saki elektron ɗin da ke maƙale, su zubar da ajiyarsu da wuri. Shi ya sa ake farawa da carbin da ya kwana a duhu. Fitilar waya kuma tana cika carbi, saboda farin LED shuɗi ne a ciki aka shafa masa rawayan gari.

Littattafai kan kawo gwajin farantin zinki, wanda ya samo asali daga abin da Heinrich Hertz ya lura da shi a 1887. Zinki na buƙatar wajen 4.3 eV kafin haske ya fitar da elektron daga jikinsa, wato zango ƙasa da nanomita 290, sai da fitilar kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙona ido da fata. A aji mai yara hamsin ba mu ba da shawararsa.

Gwaji na huɗu: auna lambar Planck da ƙwayayen LED

Lambar Planck ita ce wadda in an ninka ta da yawan kaɗawar igiyar haske a daƙiƙa ake samun kuzarin foton ɗaya. Kafin a haɗa batir, a yi wannan. A maƙala ƙafafun shuɗin LED kai tsaye a wayoyin multimita, doguwar ƙafa a jar waya, a sa mitar a volt na batir. A haska shi da jar leza ta saman kansa: lamba ba za ta motsa ba, ko ta motsa kaɗan ƙwarai. A haska da tocilar kuɗi: za ta tashi nan take. LED na jin hasken da fotonsa ya kai nasa ko ya fi, ba ya jin na ƙasa. Dalilin neman mai jiki garau ke nan, don rinannen jiki zai tare hasken tun kafin ya shiga, a rasa gane abin da ya hana. Wannan aikin ne farantin sola da ke kan rufin shaguna yake yi. Matakin silikon da ake yin farantin da shi, wato kuzarin da foton ke buƙata ya ɗaga elektron ɗinsa, 1.1 eV ne, don haka duk hasken da zangonsa ya wuce kamar nanomita 1,100 ba ya ba shi lantarki, wanda kuma ya fi matakin sosai, rarar zafi take zama.

Sai a juya aikin, a ba LED lantarki a ga inda zai fara haske. Ƙafafun gefe biyu na abin murɗawa su tafi kan batir. Daga ƙafar tsakiya a bi ta rezista mai om 1,000 zuwa doguwar ƙafar LED, gajerar ta koma bakin batir mai alamar ragi (−). Multimita a kan ƙafafun LED ɗin, ba a kan batir ba. A naɗe baƙar takarda kamar bututu a kifa a kansa, ɗalibi ɗaya ya leƙa, wani ya murɗa a hankali daga sifili, na uku ya karanta. Da mai leƙe ya ce "ga shi", a rubuta. Sau uku ga kowane launi, a ɗauki matsakaici, kuma mai leƙe ɗaya ne har a gama, don idanu ba ɗaya ba ne. A mayar da murɗi sifili kafin a canza ƙwai.

Jerin zai fito a tsare: ja ne ke fara kamawa, sai rawaya, sai kore, shuɗi a ƙarshe. Bisa lissafin nan na raba 1,240 da zango, ja mai 630 na son volt 1.97, rawaya mai 590 na son 2.10, kore mai 525 na son 2.36, shuɗi mai 470 na son 2.64. Abin da mita za ta nuna zai gaza haka da ɗan kaɗan a kowanne, saboda zafin jikin ƙwan yana tallafa wa wasu elektron su haye tun volt bai cika ba, ido kuma a duhu yana kama haske mai rauni sosai. Zafin gari ma na taɓawa, wajen milivolt 2 ga kowane digiri, don haka awon watan Afrilu zai ɗan gaza na Janairu.

Maganin wannan giɓi shi ne a yi aiki da bambanci. Misali ja ya kama a 1.70, shuɗi a 2.35, bambanci 0.65. Yawan kaɗawar ja 4.76 × 10¹⁴ ne a daƙiƙa, na shuɗi 6.38 × 10¹⁴, bambanci 1.62 × 10¹⁴. A ninka 0.65 da cajin elektron, 1.602 × 10⁻¹⁹, a raba da 1.62 × 10¹⁴: an sami 6.4 × 10⁻³⁴. Lambar Planck ta gaskiya 6.626 × 10⁻³⁴ ce. Kuskuren kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba abin damuwa ba ne a nan. Idan kore ya fita daga layi, ya kama kusa da ja, tsohon samfuri ne mai nanomita 565 da aka yi da wani sinadari dabam, a cire shi daga lissafi. Farin LED ba ya shiga ko kaɗan.

Inda fuskokin biyu suka haɗu

Ɗalibi mai kaifi zai ce: to ai fotonan ne ke karo da juna a hanya su yi ratsi. Tambaya ce mai kyau, a amsa ta da lamba. Leza mai 1 mW na fitar da foton kusan 3.3 × 10¹⁵ a daƙiƙa. Mita 3 haske na cinye ta a kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na daƙiƙa, don haka a kowane lokaci akwai foton sama da miliyan 30 a hanya. A ajinmu ba za a iya kore zarginsa ba. Amma an kore shi. A 1909 Geoffrey Taylor a Kambirij ya rage haske da gilasai masu baƙin hayaƙi, irin namu, har ɗaukar hoto guda ta ci kusan wata uku, ratsin inuwar allura ya fito yadda yake. A 1986 Philippe Grangier da Gérard Roger da Alain Aspect a Faransa suka yi aiki da foton ɗaya-ɗaya na haƙiƙa: a mararrabar da aka raba hanyar haske biyu, na'ura ɗaya ce ke kama shi, ba ya rabuwa, amma da aka sake haɗa hanyoyin biyu ratsi ya fito. Gaskiyar da ya kamata malam ya faɗa ita ce, carbi da LED sun nuna ana musayar kuzari ƙunshi-ƙunshi. Cikakkiyar hujjar foton guda irin wannan gwajin na baya ne ya kawo ta.

Saboda haka kada a ce wa yara haske rabi igiya ne rabi ƙwaya, ko wai yana canza riga. Kowane foton wuri ɗaya yake sauka, ɗigo guda. Igiyar ita ke faɗin inda ya fi yiwuwa ya sauka: a ratsin haske da yawa, a ratsin duhu babu. Louis de Broglie ya ce a 1924 elektron ma haka yake, aka tabbatar a 1927.

Akwai gwaji na ƙarshe ga mai haƙuri. A jikin allon LCD, gaba da baya, akwai siririyar fata mai tace haske, tana barin wanda ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai. A ɗaga kusurwarta da reza a ɓare a hankali, a goge danƙon da alkol. A yanka gida uku. A ɗora biyu a kan juna ana juyawa har su yi baƙi ƙirin; a wannan zaman fuskokinsu a gicciye suke. Kada a dogara da gefen allon, don a yawancinsu fuskar a karkace take, kuma in ba su yi baƙi ba a kifa ɗaya a sake. Ba tare da an juya su ba, a zame su gefe da gefe, a gyara bakunan da almakashi su haɗu ba giɓi, a miƙe silin wayar tagulla a kan mahaɗar, a manne a tagar kwali.

A fara da waya ita kaɗai a ga ratsinta. Sai a sa mai fatun, a mirgina lezar a kwance har hasken da ke bi ta dama da na hagu su yi ƙarfi ɗaya. Ratsin zai shafe, ya bar haske a shimfiɗe. Yanzu kowace hanya na da shaidarta, ana iya sanin ta inda foton ya bi. A riƙe fata ta uku tsakanin waya da bango, a karkace ta digiri 45: shaidar ta goge, ratsi ya dawo, ko da yake da rauni. A karkata ta digiri 45 ta ɗaya gefen, inda ke da haske ya koma duhu, inda ke duhu ya haskaka. Da hasken leza mai yawa, ƙa'idar igiya da Augustin Fresnel da François Arago suka wallafa a 1819 ta isa bayani. Abin mamakin shi ne sakamakon bai canza ba ko da foton ɗaya-ɗaya aka yi. In ratsin ya ƙi dawowa, mahaɗar ce ta yi giɓi ko danƙo ya rage a fatar. A sake yanka da sabuwar reza a kan gilashi, a matso da bango zuwa mita 2 don hasken ya ƙara ƙarfi.